Jitar Yaya a Shagon Fanka

A layin nan na bayan kasuwa, tsakanin shagon Mai Aski da rumfar Mai Ƙusa, akwai wani mai gyaran fanka da kowa ke kira Mai-Mita. Sunan ya bi shi ne saboda wata mitar auna wuta da yake rataye da ita a wuya tun daga buɗe shago har rufewa, ko da kuwa ruwa ya fita sha. Gaskiya dai a faɗe ta, fanka kam ya iya ta. Ka kawo masa wadda ta ƙone ƙurmus, ya warware wayar cikinta ya naɗa sabuwa, ka koma gida tana juyi lafiya lau. Ciwonsa ɗaya ne: a ganinsa duk abin da ke da waya a ciki ɗan'uwan fanka ne. Rediyo fanka ce, firji fanka ce, jirgin sama ma in ka bar shi ya yi bayani, fanka ce da ta samu gata. Ga baki. In ya fara ba da labarin ƙwarewarsa, Mai Aski kan gama kai uku bai kai tsakiya ba.

Matarsa tela ce, tana ɗinki a gida, kuma tana da wa guda ɗaya da su duka suke kira Yaya. Yaya direban motar kaya ne, mutum marar hayaniya. Shekara ashirin yana kaɗa jitar lantarki a ɗakinsa da wuraren abokai, kuma babu abin da yake so irin ya ajiye tuƙi, don bayansa ya gaji da kujerar mota, har sai ya dafa bango yake miƙewa da safe. Sai ga dama ta zo. Wani dattijo da ake ce wa Baba Kunne, shugaban makaɗan da ke wasa a zauren wani otal duk ƙarshen mako, yana neman mai jita, ya kuma ce Yaya ya zo ranar Asabar da yamma ya ji hannunsa. Kowa ya san halin dattijon nan. Sau ɗaya yake sauraron mutum, in bai yi masa ba, to an gama.

To, a ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai wasu 'yan baƙaƙen abubuwa guda biyu, makaɗa na ce musu pikof. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, su ne ke ɗaukar motsin tsirkiya su aika wa amfilifaya ta mai da shi sauti. Ɗaya yana zaune kusa da wuyan jita, ɗayan can ƙasa kusa da gada, wato ƙarfen da tsirkiyoyin suke kwance a kai. Na Yaya na wuya ya mutu, na gada kuma ya fara tari. Saboda haka ya sayo sababbi guda biyu a kwali ɗaya. Ranar Laraba da safe, yana shirin tafiyar kwana uku da kaya, ya biyo gidan ƙanwarsa ya bar mata jitar da kwalin, ya ce ta aika wa mai gyaran kayan kiɗa na bayan tasha ya ɗaura masa su kafin Asabar.

Yaya bai gama fita daga layin ba Mai-Mita ya saɓa jakar jitar a kafaɗa. Ya ce ai ba za a yi abin kunya ba, yana raye matarsa ta riƙa yawo da jita a titi, shi zai kai da kansa.

Matar ta bi shi da ido har ƙofa. "Baban yara, kai wa za ka yi fa, ba buɗewa ba."

Ya ce haba, ita ma dai.

Hanyar bayan tasha ba ta bi ta shagonsa ba, amma ƙafarsa ta bi. Wai zai leƙa ne kawai ya ga ko wani ya kawo aiki. Yana shiga ya buɗe kwalin, wai don ya tabbatar ba a saka wa surukinsa dutse ba. Da ya ga waya naɗe a jikin maganaɗisu sai ya yi wata irin dariya ta wanda ya gamu da tsohon abokinsa a garin baƙi. Ya ƙwala wa Mai Aski da Mai Ƙusa kira, ya ce su zo su ga abin da ake ɗauka a kai wa wani can bayan tasha, alhali cikin fanka ne aka rage masa girma.

Ya ɗora mitarsa a kan na farko, ta nuna bakwai. Ya ɗora a kan na biyu, ta nuna tara. Fuskarsa ta canza. Ya ɗauke su ya tsallaka rumfar Mai Ƙusa, ya zube ƙusoshin da ke kan sikeli, ya aza ɗaya nan ɗaya can. Sikeli ya ɗan karkata. Nan fa ya tara jama'a. Ya ce an cuci Yaya, an haɗa masa wa da ƙane an ce tagwaye ne. Ya ce duk wanda ya san aikin fanka ya san doka ta farko: fikafikai uku, nauyi ɗaya. Ɗaya ya fi 'yan'uwansa ko da da ƙwayar gero, fanka ta fara rawa, daga nan sai ta sauko a kan mai gida yana barci. Yanzu a ɗaura wa mutum bakwai da tara ya je gaban Baba Kunne, ai jitar karkacewa za ta yi.

Mai Aski, wanda ke da ido, ya juya su ya ce akwai harafi daban a bayan kowanne, ga kuma takarda a cikin kwalin, ko za a duba. Mai-Mita ya ce ai harafin nan shi ne shaidar cutar, kowanne daga kamfaninsa ya fito. Takardar kuwa ya ninke ta biyu ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburinsa, don dama tana girgiɗi.

Da rana matarsa ta kawo masa abinci, ta tarar da jitar yayanta kwance a kan tebur, an kwance mata tsirkiyoyi, an buɗe mata ciki. Ta ajiye kwano a hankali. Ya tare ta da bayani tun kafin ta buɗe baki, bakwai da tara, fikafikai, sikeli, har da yadda Yaya zai rungume shi ranar Asabar. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce ita ba ta san wuta ba, amma a wajen ɗinki ba a yanka gaban riga da bayanta daidai, da gangan ake bambanta su don rigar ta zauna a jiki, ko su ma waɗannan haka ne.

"Maman yara, ke da almakashi, ni da mita," in ji shi. "Kowa ya tsaya a layinsa."

Ta ce ya mayar da komai yadda yake ya kai bayan tasha yau ɗin nan. Ya ce to. Irin "to" ɗin da ita ma ta san ba to ba ce.

Dabararsa mai sauƙi ce, a cewarsa: a rage wa mai tara waya har ya sauko bakwai. Amma wayar a daskare take cikin wani kaki da masu ƙera ta suka zuba don kada ta riƙa motsi. Mai-Mita ya ce wannan ƙazanta ce ta malalatan ma'aikata, ya kunna kyandir ya narkar da shi, ya goge tas. Sannan ya kama bakin wayar ya fara ja. Ita kuwa wayar nan ta fi gashin kai siranta. Yana ja tana tsinkewa, yana tsinkewa yana ja, ga fankoki huɗu da ya gyara suna juyi a shagon don talla. Iska ta kwashi zaren jan ƙarfe ta watsa a layi. Can sai ga Mai Aski ya leƙo riƙe da reza, ya ce wani dattijo yana kan kujerarsa ya rantse ya ga jan gashi ya tsiro masa a madubi, yanzu haka yana tambayar ko ciwo ne.

Mai-Mita bai ko ɗago ba. Ya auna, mita ta nuna shida. Ya zarce ke nan. Ya ce ba komai, sai a rage wa ɗayan ya sauko shida. Ya narkar da kakin wancan shi ma, ya ja, ya auna, biyar da ɗoriya. Ya koma kan na farko. Mai Aski ya jingina da ƙofa ya ce ya san wannan aikin, haka ya taɓa yi wa gashin bakin wani mutum yana ɗan koyo, a rage dama a rage hagu, har mutumin ya tashi da leɓe fayau. Kafin rana ta faɗi, mita ba ta nuna komai a kan ko ɗayansu. Mai-Mita ya dubi allurar da ta ƙi motsi, ya ce ko banza yanzu sun zama daidai.

A ransa kam tsoro ya shiga, ba zan ɓoye ba. Amma mutum irinsa tsoro ba ya sa shi tsayawa, ƙara masa gudu yake yi. Ranar Alhamis ya jira matarsa ta fita sayen zare, ya shiga ɗakin ɗinki da pikof biyu a aljihu da ƙullin wayar fanka. Ya ɗaure su a jikin abin naɗa zare na kekenta, ya hau taka feda. Wayar fanka ta ninka ta asali kauri, saboda haka 'yan zagaye kaɗan ya yi wurin ya cika. Na wuya ya naɗe shi ta dama, na gada ta hagu. Dalilinsa, wanda ya tsaya ya bayyana wa Mai Ƙusa daga baya ba tare da an tambaye shi ba, shi ne in kana son iska ta ratsa ɗaki, fanka ɗaya ce ke jawowa ɗaya na turawa. Ya koma shago ya aza su a sikelin Mai Ƙusa, ya cire zagaye biyu a nan, ya ƙara ɗaya a can, har allurar sikeli ta tsaya cak a tsakiya. Mai Ƙusa ya ce shi dai a ba shi sikelinsa, masu saye uku sun juya.

Ya ɗaura su, ya liƙa wayoyi da dalma, ya mayar da tsirkiyoyi, ya jona jitar da wata tsohuwar amfilifaya da aka manta a shagonsa. Ya ja tsirkiya. Abin da ya fito bai fi kukan sauro ba. Mai Aski ya tambaya ko an kunna. Mai-Mita ya ce an kunna mana, ƙarfin maganaɗisu ne bai kai hannunsa ba, an yi su ne don wayar yara. Ya jawo wata matacciyar lasifika daga ƙarƙashin tebur, ya fasa ta da guduma, ya ciro baƙin maganaɗisunta ya raba biyu, ya auna gutsattsarin a sikeli don kada a karya doka, ya manna su a ƙarƙashin pikof ɗin. Sannan ya murɗa sukurori ya ɗago su sama har suna neman shafar tsirkiya.

Ranar Juma'a jitar ta fara nuna hali. Mai Ƙusa ya wuce kusa da ita da kwalin ƙananan ƙusa a hannu, sai ji ya yi tas-tas-tas, rabin kwalin ya tashi ya manne mata a ciki. Rezar Mai Aski ta bi. Aka shafe rabin sa'a ana tsince ta kamar ana fige kaza. Amma da Mai-Mita ya murɗa amfilifaya har ƙarshe ya daki tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, ƙara ta tashi har tantabarun rufin kasuwa suka watse. Shi bai iya kaɗa ko waƙa ɗaya ba, don haka a kunnensa ƙara ita ce kiɗa. Nan take ya aika aka ƙara masa kalma biyu a allon shago, ya koma Ana Gyaran Fanka Da Jita. Ya bi layi shago-shago yana gayyatar mutane zauren otal, wai su zo su ji abin da ake kira aiki.

Matarsa kuwa ta ga guntayen wayar fanka a jikin kekenta, ta gane komai. Ta zaunar da shi ta ce ya san dai bayan Yaya ba zai ƙara shekara a mota ba, kuma wannan ce damar da ya jira shekara ashirin. Ta ce za ta kira shi a waya ta gaya masa. Mai-Mita ya roƙe ta, ya ce kada ta tayar wa mutum hankali yana kan tuƙi, shi zai faɗa masa da bakinsa da zarar ya sauka, su gwada tare, in bai yi ba a ari wata. Ta yarda, don ita ma ba ta son Yaya ya ji irin wannan labari yana riƙe da sitiyari.

Sai taya ta fashe wa Yaya a hanya. Maimakon ya iso da hantsi, sai da lokacin gwajin ya yi saura minti goma ya diro ƙofar otal daga bayan babur, rigarsa duk baƙin mai. Mai-Mita yana tsaye da jakar jita, ya sha guga, mita a wuya. Yaya ya karɓa yana haki, ya tambaya ko mai gyaran ya ce wani abu. Matar ta dubi mijinta. Mutanen layi kusan goma sha biyar suna tsaye a bayansa sun baza kunnuwa. Mai-Mita ya dubi matarsa, ya dubi mutanen, ya ce duk wanda ya ga aikin nan ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Wannan kam gaskiya ce, sai dai ba ita aka tambaye shi ba.

Zauren babba ne, an jingine kujeru a gefe, ga manyan lasifika huɗu, ga wata fankar rufi da ke ƙiiƙ-ƙiiƙ a kowane zagaye. Baba Kunne yana zaune a kujera ɗaya tak a tsakiya, ya rufe ido, ya harɗe hannu. Makaɗansa suna kan dandamali suna jira. Yaya ya hau, ya rataya jita, ya jona. Tun bai fara ba makullan motarsa da ke rataye a ɗamara suka yi tsalle suka manne a cikin jitar. Ya ɓamɓare su ya sa a aljihu, ya dubi surukinsa. Mai-Mita ya ɗaga masa babban yatsa.

Ya fara saita tsirkiya, ta ƙi zama. Maganaɗisun lasifika ya riƙe ta yana ja, duk sautin da ya taɓa sai ya fito yana karkarwa, rabi sama rabi ƙasa. Mai ganga ya ba da alamar farawa, dole ya shiga. Ya tura makunnin jitar wajen pikof ɗin wuya, sauti ya fito bum-bum a dagule, ba ka rarrabe wannan tsirkiya da waccan. Ya mai da shi na gada, sai kiɗan ya tsuke ya koma can nesa, ganga ta haɗiye shi. Ya sa a tsakiya don su yi aiki tare, nan ne fa mai jawowa da mai turawa suka haɗu, kowanne ya cinye ɗan'uwansa, abin da ya rage kamar mutum ya toshe hanci yana waƙa. Mai kula da na'ura ya ƙara murya har ƙarshe. Jitar ta ƙwalla wani ihu da ya sa Mai Ƙusa ya dafe kunnuwa ya durƙusa bayan kujera.

Baba Kunne ya ɗaga hannu, komai ya tsaya. Ya buɗe ido.

"Ɗana, shekara ashirin ka ce kana kaɗawa?"

"E, Baba."

"Ko tsirkiyarka ba ka iya zaunar da ita ba. Na gode, ka gaida gida."

Yaya bai ce laifin jita ne ba, bai dubi kowa ba. Ya dafe tsirkiyoyin da tafin hannu don su yi shiru, ya tsaya kansa a ƙasa, ɗayan hannun yana riƙe da ƙugunsa inda yake masa ciwo. Ƙanwarsa ta juya fuska bango tana share ido. Abin tausayi ne ƙwarai.

Mai-Mita ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ko a lokacin, ka ji halin mutum, abin da ya fi damunsa shi ne idanun mutanen layi da ke kansa. Ya zaro sukundireba ya haye dandamali yana cewa a ba shi minti ɗaya, ɗan saiti ne. Yana kai sukundireban kusa, maganaɗisu ya fizge shi daga hannunsa, ƙwas. Ya durƙusa a gaban Yaya kamar mai ƙoƙarin ɓamɓarowa, jitar tana rataye a jikin Yaya, bakinsa daf da pikof ɗin wuya, ya ƙanƙantar da murya yadda a tunaninsa su biyu kaɗai za su ji.

Abin da bai sani ba, kakin nan da ya narkar shi ke hana waya rawa. Yanzu wayar fankarsa sako-sako take, duk abin da ya girgiza ta ɗauka take yi, har da numfashi. Ga murya an ƙure ta. Lasifika huɗu suka buɗe baki a lokaci ɗaya, cikin wata murya mai raɗa da ta cika zauren:

"Yaya, don Allah ka rufa mini asiri. Ka ce wutar otal ɗin ce ba ta da ƙarfi. Ban kai wa mai gyara ba, ni na warware su na naɗa musu wayar fanka. Wallahi ban taɓa buɗe cikin jita ba sai taka."

Zaure ya yi tsit, sai fankar rufi da ke ta ƙiiƙ-ƙiiƙ. Mai-Mita ya ji ƙarshen maganarsa yana dawo masa daga bangon baya. Ya ce, "Wa ya kunna wannan?" Lasifika huɗu suka maimaita tambayar. Mai Aski ne ya fara dariya, ya yi ƙoƙarin riƙewa ta ƙwace masa ta hanci, daga nan zauren ya rushe. Mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa, Mai Ƙusa yana dukan kujera yana cewa shi dai sikelinsa ba shi da laifi.

Baba Kunne bai yi dariya ba. Ya taso a hankali, ya hau dandamali, ya karɓi jitar ya karkata ta wajen haske. Ya daɗe yana kallon gutsuren lasifika da wayar fanka da wata ƙusa guda da ta ɓuya a gefe. Ya tambayi Mai-Mita me ya sa ya taɓa su. Mai-Mita, yana durƙushe har yanzu, ya ce ɗaya bakwai ne ɗaya tara, ya so ya daidaita.

Dattijon ya ja tsirkiya ɗaya ya ce ya duba da idonsa. A wajen wuya tsirkiyar tana lilo sosai, a wajen gada kuwa da ƙyar take motsi. Ya ce shi ya sa ake sa mai sanyi a wuya, mai ƙarfi a gada, da gangan ake bambanta su don in sun fito a lasifika su zo daidai. Mai tara na gada ne, mai bakwai na wuya, kuma an rubuta a bayansu. Daga can ƙasa aka ji muryar matar Mai-Mita, ba da ƙarfi ba, ta ce gaban riga da bayanta. Mijin bai juyo ba.

Sannan Baba Kunne ya dubi Yaya. Ya ce mutumin da aka kora a gaban jama'a bai ɗora wa kowa laifi ba, wannan ya gani. "Sau ɗaya nake sauraron mutum, ban kuma canza ba. Amma kai ban ji ka ba tukuna, fanka na ji." Ya sa aka ɗauko masa tasa jitar daga cikin akwati ya miƙa wa Yaya. Ya juyo kan Mai-Mita ya nuna rufi, ya ce tunda fanka ce sana'arsa, ga waccan ta hana shi jin kiɗa wata uku, akwai tsani a bayan ƙofa.

Haka Mai-Mita ya hau tsani a gaban duk mutanen da ya gayyato. Minti biyar bai cika ba ya gano sukurun da ya saki, ya ɗaure, ya ɗiga mai, fanka ta koma juyi shiru kamar ba ita ba. Ba wanda ya lura, don a lokacin Yaya ya fara. Ya soma a wuya, sauti mai taushi da kauri, ya bi da shi a hankali, sannan ya tura makunni gada, kiɗan ya fito tar ya hau saman ganga ya zauna. Mai-Mita yana tsaye a saman tsani da gwangwanin mai a hannu, ya ji abin da ya kusa kashewa, kunya ta rufe shi har idonsa ya kawo ruwa. Baba Kunne bai ɗaga hannu ba sai da waƙar ta ƙare. Ya ce Yaya ya zo Asabar mai zuwa da farar riga, ya kuma mayar wa masu mota makullinsu.

Kwana biyu Mai-Mita bai ce uffan ba a layi. Ya goge kalma biyun nan daga allo da kansa. Duk wanda ya wuce sai ya sunkuya gaban wata fanka ya raɗa mata cewa ta rufa masa asiri. Pikof ɗinsa biyu kuwa matarsa ta karɓe, suna kan teburin ɗinki tana tsince allurai da su, ta ce nauyinsu ɗaya, ko wanne ta ɗauka daidai ne. A rana ta uku baki ya fara dawowa, aka ji shi yana tambayar Mai Ƙusa ko a duk garin nan akwai wanda ya taɓa ƙera jitar da ke magana.

Ranar nan da hantsi sai ga Yaya, jakar jita a kafaɗa, ya karɓo ta daga bayan tasha an sa mata pikof ɗin da suka dace, a ɗayan hannun kuma tsohuwar fankar ɗakinsa. Bai shiga da jitar shagon ba. Ya tsallaka ya ba Mai Aski, ya ce ya riƙe ta da hannu biyu, sannan ya dawo ya ajiye fankar a kan teburin surukinsa.

"Wannan kam buɗe ta," in ji shi.

Mai-Mita ya buɗe, ya gyara, bai yi jawabi ba. Yaya ya yi godiya, ya karɓi jitarsa ya kama hanya. Ya kai bakin layi ke nan sai ya ji muryar surukinsa daga baya, a ladabce.

"Yaya, na ce ba, an ce wai akwai 'yar fanka a cikin amfilifayar Baba Kunne?"

Yaya bai waiwayo ba. Mutumin da ke dafa bango kafin ya miƙe, ranar nan da gudu ya sha kwana.